Kakannin da Suka Iya Sauraro

A harabar ƙananan asibitocin unguwanni na birnin Harare, a ƙasar Zimbabuwe, akwai wani benci na katako da akan ajiye can gefe, sau da yawa a inuwar itace, nesa da layin masu jiran kati. A kansa za ka tarar da dattijuwa zaune, da littafin rubutu da biro a cinya. Ba likita ba ce, ba kuma nas ba ce, yawancin irinta ma karatunsu bai yi nisa ba. Amma idan yarinyar da ta yi makonni ba ta samu barcin kirki ba ta zo ta zauna kusa da ita, kafin sa'a guda ta cika sai ka ji tana amayar da abin da ta kasa faɗa wa uwar da ta haife ta. Duk wanda ya taɓa fama da matashin da ya ƙulle bakinsa, ana tambaya yana cewa "ba komai", ya san wannan ba ƙaramar gwaninta ba ce. Abin da ya fi burge ni shi ne koyonta ake yi, kuma tana da ƙa'idojin da za a iya faɗa ɗaya bayan ɗaya.

Mai kafa wannan aiki shi ne Dokta Dixon Chibanda, likitan ƙwaƙwalwa, ɗaya daga cikin kimanin 12 da ƙasar gaba ɗaya take da su a lokacin. Ya sha ba da labarin abin da ya ingiza shi. A 2005 wata matashiya da yake dubawa, wadda ke zaune a wani gari mai nisa, ta hallaka kanta. Da ya tambayi mahaifiyarta abin da ya hana su zuwa Harare kamar yadda aka shirya, sai ta ce ba su da kuɗin mota, dala 15. A shekarar ce kuma gwamnatin Robert Mugabe ta yi gagarumin rusau a unguwannin talakawa, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta ya raba mutum 700,000 da muhallinsu ko sana'arsu. Ga jama'a cikin ƙunci, ga likitoci ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Da ya je neman taimakon hukumar lafiya ta birnin, ba a ba shi kuɗi ba, ba a ba shi ɗaki ba, ba a ba shi nas ko ɗaya ba. Abin da ya samu shi ne tsofaffin mata 14 waɗanda dama suke zagaya unguwa suna faɗakarwa kan tsafta da rigakafi. Da su ya fara a 2006, a tsohuwar unguwar Mbare.

Darasin farko ma daga wurinsu ya fito. Likita ya raɗa wa wurin suna bencin lafiyar ƙwaƙwalwa, aka zauna jiran mutane, shiru kake ji. Wa zai yarda a gan shi zaune a kan bencin da duk unguwa za ta ce na mahaukata ne? Kakannin suka ce a sauya, aka koma Friendship Bench, wato bencin abota, sannan jama'a suka fara zuwa. Su kuma a bakinsu ba ka jin manyan sunayen cututtuka. Da abin da mutanen ƙabilar Shona ta ƙasar suka saba faɗa suke amfani, wato mutum ya yi ta yawan tunani har ya hana shi sukuni. Ba wanda yake jin kunyar cewa tunani ya yi masa yawa.

Bari mu ɗauki misali mu ga yadda zaman yake tafiya. A ce yarinya ce 'yar shekara 19, da goyo a baya, ta zo asibiti da ƙorafin ciwon kai da ciwon ciki, an duba ba a ga zazzaɓi ba, nas ta nuna mata benci. Kaka ba ta zama gaba da gaba da ita kamar mai tuhuma, gefe da gefe suke zama, yadda yarinyar za ta iya kallon ƙasa ko ta yi wasa da bakin zaninta ba tare da an kafe ta da ido ba.

"Sannu da zuwa, jikata. Matso nan. Duk abin da za ki faɗa a kan bencin nan, a nan zai tsaya. Sai fa idan na ga ranki yana cikin haɗari, to nan dole in nemo mana mai taimako, kuma ba zan yi a bayan idonki ba."

Daga nan akwai tambayoyi 14 da aka tsara tun a shekarun 1990 daga irin kalaman da marasa lafiya na ƙasar suke faɗa da bakinsu, aikin da Vikram Patel da abokansa suka yi. Amsar kowace "e" ce ko "a'a", kuma a kan makon da ya wuce kaɗai ake tambaya. Kin yi ta tunani mai zurfi? Barci yana ƙaurace miki? Kina mugun mafarki? Ƙaramin abu yana harzuƙa ki? Akwai lokacin da kika ji kamar ki fashe da kuka? Cikinki yana ciwo? Kina ganin wani abu ko jin wata murya da sauran mutane ba sa ji? Kin taɓa jin kamar ki hallaka kanki? Idan "e" ta kai tara, an san akwai abin dubawa. Amfanin tambayoyin ya wuce lissafi. Yarinyar da ta ɗauka ita kaɗai ce a duniya take kwana ido biyu, da ta ji an karanto mata halinta daga takarda, ta gane ashe abin sananne ne har an rubuta shi.

Sai kaka ta rufe takarda ta ce, "To, gaya mini, me yake faruwa?"

"Ba komai, Kaka."

A nan gwanintar take. Ni da kai, da mun ji haka, sai mu cike gurbin da surutu. Mu ce ai kowa da irin tasa jarrabawar, mu ce ta yi haƙuri, mu kawo labarin wahalar da muka sha a zamaninmu wadda ta ninka tata. Kaka ba ta cewa uffan. Takan gyaɗa kai, ta bar shirun ya yi nauyi, ta jira. Minti guda na shiru tsakanin mutum biyu yana da tsawon da sai wanda ya gwada yake sani. Galibi mai damuwar ne yake katse shi, kuma abin da yake fitowa daga bakinsa a lokacin shi ne gaskiyar maganar. Idan hawaye ya zo, ba a cewa "daina kuka". A bar ta ta yi, in ta lafa a ce, "Ina jin ki, ci gaba."

Ka tuna fa wace ce wannan mai shirun. Mace ce da ta haifa, ta aurar, ta binne, ta ga jiya ta ga yau. Tun yarinyar ba ta kai ƙarshen jimla ta biyu ba ta riga ta hango inda labarin zai faɗa, kuma tana da shawara a kan harshe. Mu da muka tashi da jin cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, mun san irin ƙoƙarin da tsohuwa za ta yi kafin ta haɗiye nasiharta a gaban jikarta. A ganina wannan haɗiyewa ita ce mafi wuyar abin da ake koya musu, ta fi haddace tambayoyi wuya nesa ba kusa ba.

Tana sauraro tana ɗan rubutu. Da yarinyar ta kai aya, sai ta maimaita mata abin da ta ji, da kalmomin yarinyar, ba ƙari ba ragi. "Idan na fahimce ki, jikata, kin bar makaranta saboda ba kuɗin jarrabawa. Uban yaron nan ya tafi ba labari. Gwaggonki da kike zaune a wurinta kullum cikin gori take. Akwai bashin da wata maƙwabciya take bin ki. Dare kuma in ya yi ba kya barci. Haka ne, ko na bar wani abu?" Wannan maimaitawa tana yin aiki biyu. Tana nuna wa yarinyar cewa an ji ta da gaske, abin da mai yiwuwa ta daɗe ba ta samu ba. Sannan abin da ta shigo da shi a dunƙule, wanda a ranta sunansa "rayuwata ta lalace", ya rabu ya zama abubuwa biyar masu suna, waɗanda za a iya nunawa da biro.

"A cikin biyar ɗin nan, da wanne kike so mu fara?"

Da kaka ce mai zaɓi, wataƙila da maganar uban yaro za ta fara, ko komawa makaranta. Yarinyar sai ta nuna bashi, wanda a ido shi ne mafi ƙanƙanta. Kaka ba ta musu, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da aka ɗan tona sai ga dalili: mai bin bashin a bakin ƙofarta take wuni, ta nan ce kuma hanyar fita. Saboda kunyar haɗa ido da ita, yarinyar ta daina fita. Da ta daina fita, kitson da take yi wa mata tana samun na sabulu ya tsaya. Da kuɗi ya yanke, gorin gwaggo ya ƙaru. Wuni a ɗaki, kwana a ɗaki, ba abin yi sai tunani. Babu yadda wani daga waje zai gano cewa bakin zaren yana wurin wannan ɗan bashi.

Mataki na gaba shi ne neman mafita, kuma nan ma daga bakin yarinyar za ta fito. "Me kike ganin za a iya yi? Faɗi duk abin da ya zo miki, ko da kina ganin shirme ne." Ta ce ta gudu ƙauye. Kaka ta rubuta, ba ta ɗaga gira ba. Ta ce ta ranto a wani wuri ta biya. An rubuta. Ta yi shiru, can ta ce ko ta je ta sami matar ta roƙi a bar ta ta riƙa biya kaɗan-kaɗan. Can kuma, da 'yar dariyar jin nauyi, ta ce matar tana da 'ya'ya mata uku, ko ta riƙa yi musu kitso ana cirewa daga bashin. Sai a bi su ɗaya-ɗaya: in kin yi wannan, me zai biyo baya, me kike da shi a hannu na yin sa? Ita da kanta za ta soke gudu da sabon rance.

Ba a tashi a kan "zan gwada in Allah ya yarda" kawai. Kaka takan matsa, a hankali amma ba sassauci. Wace rana? Da safe ko da yamma? Wa zai riƙe miki yaro? In kin yi sallama ta amsa, me za ki fara cewa? Faɗa mini yanzu, ki ɗauka ni ce ita. In ta ɗaga murya fa? Haka za a yi ta yi har shirin ya zama ƙarami ƙwarai, wanda mutum mai karyayyar zuciya zai iya ɗauka: ranar Laraba da hantsi, bayan ta yi wa yaro wanka, za ta je tare da ƙawarta. Zaman farko yakan ci kusan sa'a guda, sauran kuma minti 30 zuwa 45, har zuwa zama shida. Idan ta dawo mako mai zuwa ta ce ba ta je ba, ba faɗa ba gori. "Me ya tare ki?" Sai a sake rage shirin, ko a sauya shi.

Masana suna kiran wannan hanya jinya ta warware matsala, kuma asalinta yana komawa ga rubutun wasu masana halayyar ɗan Adam biyu na Amurka, D'Zurilla da Goldfried, a 1971. Hikimarta ita ce ciwon damuwa yana sa mutum ya janye daga komai, janyewar kuma tana ƙara ciwon. Mai ciwon yana jira sai ya ji sauƙi sannan ya motsa, alhali sau da yawa motsin ne yake jawo sauƙin. Yarinyar da ta je ta fuskanci mai bin ta bashi ta dawo da ranta, ta samu hujjar da ba wa'azin da zai ba ta, cewa har yanzu akwai abin da hannunta yake iya sauyawa. Kakannin sun raba aikin da nasu sunayen: buɗe tunani, ɗaga mutum, sannan ƙarfafa shi. Bayan zaman benci akwai da'irar waɗanda suka riga suka bi ta kansa, inda ake haɗuwa ana hira ana saƙa jakunkuna da tsofaffin ledoji don sayarwa. Wanda ya tsara wannan ya san cewa rabin tunanin talaka na abin sawa a tukunya ne.

Gwani na gaske ya san iyakarsa, kuma wannan ne ya raba kakar benci da mai ba da shawarar bakin titi. Tambayar nan ta hallaka kai, kai tsaye ake yin ta, ba kwana-kwana. Mutane da yawa suna tsoron cewa tambayar za ta cusa wa yaro tunanin da ba shi da shi, amma binciken da aka yi a kai bai nuna haka ba. Wanda abin yake ransa yakan ji sanyi ne da aka samu mai ƙarfin halin tambaya. Idan amsar "e" ce, ko mutum ya ce yana jin muryoyi, to magana ta wuce benci. Ba a barinsa ya tafi shi kaɗai, a ranar ake haɗa shi da mai sa ido a kan aikin ko nas, daga nan zuwa likita idan da bukata. Akwai ciwon da sai da magani, kuma kaka ba ta ja da wannan.

Ba a tsaya ga yabon baki ba. A watan Disamba na 2016 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, JAMA, ta buga sakamakon gwajin da aka yi a asibitoci 24 na Harare da mutum 573. Rabi sun bi ta benci, rabi sun samu kulawar da aka saba tare da ƙarin bayani. Bayan wata shida, kimanin kashi 14 cikin 100 na mutanen benci ne suke da alamun ciwon damuwa, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan kashi 50. Horon da aka ba matan da suka yi wannan aiki na kwana tara ne. Sai dai a faɗi gaskiya, kashi 86 cikin 100 na waɗanda aka gwada mata ne, duka kuma daga shekara 18 zuwa sama. Gwajin bai ce komai ba game da ɗan shekara 15 da ya fara shaye-shaye a bayan makaranta.

Irin yaron nan kuwa suna da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma kashe kai yana cikin manyan abubuwan da ke ɗauke masu shekara 15 zuwa 29. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayanin abin da ya sa jika yake sakewa da kaka. Tsakanin ɗa da iyaye akwai kunya, balle ɗan fari da uwa ba ta ko kiran sunansa. Kaka kuwa abokiyar wasa ce, ta kira jikanta maigida, ta kira jikarta kishiya, a yi ta tsokana, a cikin tsokanar ake sako maganar da ba za ta faɗu a gaban baba ba. Duk da haka akwai abin da saurayi ba zai iya furtawa a gaban furfura ba, komai sakin fuskarta: maganar ƙwaya, maganar mace, abin da ya gani ko aka yi masa a waya. Shi ya sa aikin ya buɗe reshen matasa, inda ɗaliban jami'a da aka horar suke zama da 'yan bayansu, da tambayoyi iri ɗaya da haƙurin sauraro iri ɗaya. A Kenya ma, cibiyar Shamiri da Tom Osborn ya kafa tare da abokan aikinsa a 2018 tana tura matasa 'yan shekara 18 zuwa 22 makarantun sakandare, su zauna da ƙananan rukunin ɗalibai sa'a guda a mako har mako huɗu. Ba a ambaton cuta. Ana magana ne kan yadda ƙwaƙwalwa take ƙaruwa da ƙoƙari, da godiya, da abin da mutum ya ɗauka da muhimmanci a rayuwarsa. Gwajin da aka buga a 2021 da ɗalibai 413 ya nuna damuwa da fargaba sun ragu fiye da na waɗanda aka koya wa dabarun karatu kawai.

Idan aka ce wayar da kan matasa, abin da muka saba gani shi ne a kama zauren taro ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, a buga riguna da huluna, babban baƙo ya yi jawabi, a ɗauki hoto. Ban ce ba shi da amfani ba. Amma wanda ya fi bukatar saƙon ba ya cikin zauren, yana ɗaki ya ja bargo. In ma ya ji a rediyo cewa ya kamata ya yi magana da wani, tambayar da take biyo baya ita ce: da wa? Najeriya tana da mutum sama da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwarta kuwa 'yan ɗaruruwa ne, yawancinsu a manyan birane. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ba za ta haifo likitoci dare ɗaya ba. Wasu sun riga sun kama irin wannan hanya: Gidauniyar Neem ta Dokta Fatima Akilu ta riƙa ɗaukar masu ba da shawara a Keke Napep tana kai su cikin unguwannin Maiduguri, wurin waɗanda rikicin Boko Haram ya ɗaiɗaita, maimakon jiran su zo asibiti.

Masu sauraro ba za su yi mana wuyar samu ba. Akwai ungozoma, akwai malamar Islamiyya, akwai uwargidan da duk rigimar layi a ɗakinta ake kashe ta, akwai mai horar da 'yan ƙwallon unguwa. Inda nake ganin za a sha fama shi ne riƙon sirri. A unguwar da kowa ya san kakan kowa, yarinya za ta auna sau goma kafin ta faɗa wa ƙawar kakarta cewa tana da ciki, ko ta faɗi wanda ya taɓa ta. Magana ɗaya tak in ta fita daga benci ta isa gidan biki, daga ranar babu matashin da zai sake zama a kansa. Duk wanda zai kwaikwayi Harare, to ya tsananta wajen zaɓen wadda zai ɗora a kan bencin, ya ajiye shi inda mai wucewa ba zai ji abin da ake faɗa ba, ya kuma tanadi wanda ita mai sauraron za ta riƙa kai wa nata nauyin duk mako, don mai kwasar irin waɗannan labarai ita ma tana bukatar inda za ta sauke.